Saje Jatau a Tsakar Gidan Kawu

Gadarif, ranar Laraba

Zuwa ga ɗan Kawuna Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan da kake zaune a Kano. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka ta warke daga zazzaɓin da ta yi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta. Gwaggonka kuwa gwiwa ce dai take damunta, amma bakin yana nan daram. Kawu Sharu yana gona a Gadambaliya tun da aka fara yankan dawa, yana kan 'yan ƙwadago kamar kowace shekara, ba zai dawo ba sai an gama sussuka.

Shabaka, wato sabis ɗin waya, a nan ta zama baƙuwa, ta leƙo da safe ta ɓace kwana da kwanaki. Shi ya sa na koma biro da takarda irin na iyayenmu. In rubuta, in ɗauki hoto da waya, duk sa'ar da ta leƙo ya tafi. In ka ga shiru kada ka ce fushi nake.

Fim ɗin da ka turo ya iso. Wayata ta kasa ɗaukarsa, sai na kai wa Suleiman mai shagon waya ya sauke mini a filash. Ban kalla ba, kuma na rantse ba zan kalla ni kaɗai a ƙuryar ɗaki kamar ɓarauniya ba. Kai da ka bar gida da sunan karatu, ka ƙare kana ja wa masu kyamara waya shekara da shekaru, yau an wayi gari kai ne ɗaya daga cikin manyan 'yan wasa biyu na fim, in kalla a ɓoye? Ranar Juma'a bayan la'asar Suleiman zai kafa babban talabijin ɗinsa a ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta gidanku. Na gayyaci layinmu kaf, maza da mata. Masu cewa ɗan Sharu ya tafi Najeriya ya lalace, su na fara bi gida-gida.

Hoton da ke gaban fim ɗin dai na gani. An manna maka furfura, an cusa maka tumbi, an sa maka kakin ɗan sanda. Kai da ko akuya ta harare ka sai ka sauya hanya, kai ne za ka kama ɓarayi? Bari dai mu gani.

Innarka ba ta da zance sai na Sallah. Ta ce ka yi mata alkawari bana a gida za ka yi ta, har ta sa an yi wa ɗakinka sabon yaɓe. Kada ka ba ta kunya.

Uwar ɗakinka ko ka ƙi ko ka so,
Ummuhani

Kano, ranar Alhamis

Ummuhani,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, na kuma gode Allah da Inna ta samu sauƙi. Ki gaishe ta, ki gai da Gwaggo.

Takardarki ta shigo ina wurin aiki, na fito waje nake rubuta miki wannan. Na kira wayarki ba ta shiga, na kira ta Inna ita ma haka. Don girman Allah kada ki kafa talabijin ɗin nan gobe. Ki ce batir ya mutu, ki ce filash ɗin ya lalace, ki faɗi duk abin da ya zo bakinki. Ki kalla ke kaɗai tukuna, ki lura da tsohon ɗan sandan da na fito a matsayinsa, Saje Jatau. Da kin ga ya fito daga mota za ki gane abin da nake nufi.

Da na turo miki, na ɗauka a waya za ki kalla, ki zage ni son ranki, mu kashe maganar tsakaninmu. Ban kawo za ki tara unguwa ba, alhali na san halinki. Ki amsa mini da zarar kin ga wannan.

Ɗan Kawunki,
Abdulganiyyu

Gadarif, ranar Lahadi

Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ta jiki. Wasiƙarka ta Alhamis sai yau da hantsi ta shigo wayata. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na kifa wayar.

An yi taron. Bari in ba ka labari daga farko, don ba ni kaɗai zan ɗauki wannan kayan ba.

Rakuba ta cika har tsakar gida. Tsofaffi a kan gadajen igiya, mata a kan tabarmi, samari a tsaye a baya. An dafa gahawar jabana, an kunna turare. Innarka ta yafa sabon tob ɗinta, lafayar nan ta fita unguwa, na ajiye mata kujera a gaba da hannuna. Har jawabi na yi, Ganiyyu. Na miƙe na ce yau za a ga abin da ɗan gidan nan yake yi a ƙasar kakanninmu.

Farkon fim ɗin ba wasa. Wannan kamen da aka yi a cikin kasuwa, da jinin da ke bin kwata, da yaron da 'yan ƙwaya suka yasar a bayan tasha, sai da mata suka rufe ido. Gwaggonka ta ce in irin wannan ne ita za ta tashi. Sai abokin aikinka ya fito, wanda na ga an rubuta sunansa Abubakar Siddiƙ, a matsayin Kofur Nasiru. Yaron yana da kyau, ya kuma san yana da kyau, matsalarsa ke nan. Ya iya gudu, ya iya tsallake katanga, amma komai da ihu yake faɗa, ko ruwa zai nema. Wurin da ya yi kuka kuwa ko ɗigon tausayi ban ji ba, fuskar kawai ya murtuke. 'Yan matan layinmu dai ba su ga laifinsa ba.

Sai ga tsohuwar motar sintiri ta tsaya. Ƙofa ta buɗe, tsohon saje ya sauko. Ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu a ƙasa, kafaɗa ta karkata. Ya tsaya ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya yi gyaran murya, ya dafa ƙirji, ya dubi ɓarawon da aka kama ya ce, "Ma'alesh," wato yi haƙuri, sannan ya zabga masa mari.

Sai wata daga baya, ban ma san ko wace ce ba, ta ce, "La'ilaha illallahu, wallahi Sharu ne!"

Ba zan iya kwatanta maka dariyar da ta ɓarke ba. Malam Taha, aminin Kawu da suke sahu ɗaya a masallaci, sai da rawaninsa ya warware. Samari suna dukan juna a baya. Ka san duk unguwar nan ba wanda Kawu bai taɓa dafa ƙirji ya ce masa ma'alesh ba kafin ya wanke shi tas. Kowa ya ga nasa. Ni ma na yi dariya, Ganiyyu, kada in yi maka ƙarya. Na yi har na riƙe ciki, har hawaye. Ina cikin share ido na hango bayan Innarka. Ba ta motsa ba. Finjalin jabana yana hannunta, ba ta sha ba, ba ta ajiye ba.

Na rasa yadda zan yi. In na kashe, na tabbatar wa kowa cewa cin mutunci ne. In na bari, ga abin da ake yi. Na bari, don tsoro. Muka zauna muka ga wandon saje ya yage a kan waya, muka gan shi ya faɗa kwata, muka gan shi yana minshari a bakin aiki, muka gan shi yana ɓuya a bayan mota don matarsa ta biyo shi ofis. Kafin a kai rabi, da ya ɗaga hannu zai dafa ƙirji sai duk tsakar gidan ta amsa baki ɗaya, "Ma'alesh!" A gidansa, a ƙarƙashin rakubar da ya kafa da hannunsa.

Ka ce in faɗa maka ra'ayina tsakani da Allah. To ga shi. Fim ɗin ya yi tsawo, faɗan ƙarshe ya yi yawa, kuma ba na son yadda ake zuba jini ana cin ƙosai a gefe. Amma zaman ku biyu a cikin motar nan, kuna rigima a kan wa zai sauka ya tura, ya yi daɗi ƙwarai. Kai kuwa ka iya. Ka fi Abubakar Siddiƙ nesa ba kusa ba. Shi yana wasa ne, kai kuwa ban ga wasa ba, mutum na gani. Wurin da saje ya tsaya a ƙofar sito shi kaɗai, bindigarsa ba harsashi, don Kofur Nasiru ya samu ya tsere, tsigar jikina ta tashi. Sai dai ba wanda ya lura, suna jiran ya ce ma'alesh. Da ba ka iya ba da ba wanda ya gane, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Da aka watse Innarka ta tattara finjalai, ta yi wa kowa godiya har bakin ƙofa. Ni kuma ta dube ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari." Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na je wurin Suleiman jiya in karɓe fim ɗin. Ya ce ai tun daren Juma'a samari suke layi yana zuba musu a waya, har direbobin lorin Doka da Gadambaliya sun karɓa. Na tsaya a shagon kamar ƙasa ta tsage in shige.

Innarka ta ce kada ka kira gidan a kwanakin nan.

Ummuhani

Kano, ranar Asabar

'Yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ma da sauƙi. Na daɗe da wasiƙarki a hannu, kullum in fara amsa in goge.

Ba laifinki ba ne. Ke alfahari kika yi da ni, ni kuma na ba ki abin da za ki yi alfahari da shi ban gaya miki abin da ke ciki ba.

Ga yadda aka yi. Wanda aka ɗauka ya fito a saje tun farko, wani dattijo ne, ya kwanta rashin lafiya ana gab da fara aiki. Darakta ya rasa yadda zai yi, ya dube mu masu jan waya ya ce wa zai iya tafiyar tsoho daga ƙofar nan zuwa mota. Mutum biyu suka gwada, suka rinƙa duƙawa suna rawar hannu irin ta wasan makaranta. Ni na tashi. Ban zauna na ce bari in kwaikwayi Baba ba, Allah shi ne shaidata. Ƙafata ce ta san hanya. Kafin in kai mota mai kyamara ya zube ƙasa don dariya. Ma'alesh ɗin ma ba ta cikin takardar da aka ba ni, fita ta yi daga bakina, darakta ya ce kada in kuskura in bar ta.

Amma kada in wanke kaina da yawa. Tun a ranar na san wa nake yi. Na ce a raina Gadarif tana da nisa, nan ba wanda ya san Baba, ba wanda ya san garmar tarakta ce ta danne masa ƙafa yana nema mana abinci. Kullum in an ce a ƙara abin dariya, sai in laluba in ɗauko wani abu nasa. Goge tabarau nasa ne. Gyaran murya nasa ne. Yagewar wando da faɗawa kwata ba nasa ba ne, amma a jikinsa na ɗora su. Yanzu in na bi titi a nan masu adaidaita suna ɗaga mini hannu suna cewa ma'alesh. Shekarun da na yi a garin nan ba wanda ya san sunana, in na yi magana ma dariyar Hausata ake yi, a ce Larabci ya cinye ta. Da aka fara gaishe ni a hanya na ji daɗi, Ummuhani. Har ranar da wasiƙarki ta zo ina jin daɗi.

Abubakar Siddiƙ kuwa ki rage masa. Ihun nan darakta ne yake sa shi, kuma tsallen katangar da kika gani da gaske ya karye a yatsa, ya ɗaure ya ci gaba. Shi kaɗai na gaya wa gaskiya. Ya ce da shi ne da bai iya komawa gida ba.

Saƙon Inna na ji, na kuma gane. Ba zan kira ba. Maganar Sallah ma na ajiye ta, na gaya wa wanda za mu taho tare ya nemi wani abokin tafiya. Wanda aka hana shi kira ba sai an ce masa kada ya zo ba. Ki ba ta haƙuri a kan yaɓen ɗakin.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya mini ko Baba ya ji.

Abdulganiyyu

Gadarif, ranar Talata

Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Shabaka ta ɗauke mana tsawon lokaci, sai jiya na ga taka, kuma da kana kusa da sai na ja maka kunne.

Wa ya ce maka kada ka zo? Ni na rubuta kada ka kira, kai ka karanta an kore ka. Innarka cewa ta yi in ta ji muryarka kuka za ta yi, kai kuma in ka ji kukanta za ka bar aikinka ka kamo hanya a rikice. Iyakar maganar ke nan. Da na karanta mata cewa ka fasa Sallah, tashi ta yi ta shiga ɗakin da aka yi wa yaɓe ta daɗe ba ta fito ba. Ka ƙara mini wata kunyar a kan wadda nake ciki, don ni na rubuta layin a gajarce.

Kawu ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, amma dawa ta yi kyau, ya shigo da fara'arsa. Bai ji ba. Abin da ya fi ciwo ke nan, bai ji ba, kuma shi kaɗai ne bai ji ba.

Ranar da ya dawo yana cin tuwon asida yake ba mu labari, wai 'yan ƙwadagon bana wasu irin mutane ne. Ya ce, "Ya jama'a, in na yi musu faɗa sai su sunkuyar da kai kafaɗunsu suna rawa. A da in na yi gyaran murya gona tsit take yi. Ko dai tsufa ne ya fara cin muryata?" Innarka ta ce a ƙara masa miya. Ni na ce zan duba tukunya, alhali ba komai a kan wuta.

Yara suna binsa daga nesa suna jan ƙafa. In ya waiwaya su watse. Na kama biyu na murɗe musu kunne, ɗaya ya ce mini, "Ai ke kika nuna mana."

Mafi muni shi ne na zaman makoki. Maƙwabcinmu Omar ya rasa mahaifiyarsa, Kawu ya je ta'aziyya. Mijina yana wurin, shi ya ba ni labari. Kawu ya ɗaga hannu aka yi fatiha, ya matsa kusa da Omar, ya dafa ƙirji da zuciya ɗaya ya ce, "Ma'alesh, ya waladi, sai haƙuri." Wani saurayi a baya ya fashe, na kusa da shi ya toshe baki ya fita da gudu. A gidan mutuwa. Kawu ya tsaya yana duba jallabiyarsa gaba da baya. Da ya dawo gida ya juya wa Innarka baya ya ce ta duba masa ko wani abu ya manne a rigar.

Tun daga ranar, azahar da la'asar a gida yake yi. Ya ce rana ce ta yi zafi. Malam Taha ya zo har sau biyu zai gaya masa, ya sha shayi ya tashi bai iya ba, don shi ma ya san irin dariyar da ya yi. Ni kuwa yanzu zagaye nake yi in zan je kasuwa, don kada in bi ta ƙofar gidanku in same shi a zaune ya ce, "'Yar ƙanwata, zo ki gaya mini labarin ɗan'uwanki."

Ba zai yiwu a ci gaba a haka ba. In ba mu gaya masa ba wani ɗan tasha zai tura masa waya a fuska. Ni na tara mutanen, ni ya kamata in zauna a gabansa. Amma fuskarka ce a ciki, ba zan nuna masa ba sai ka ce.

Ummuhani

Kano, ranar Laraba

Ummuhani,

Wa alaikumus salam. Ki durƙusa wa Inna a madadina, ki ce na yi kuskuren fahimta. In Baba ya yarda in taka gidan, zan zo. In bai yarda ba, ba zan zo in ƙara masa ba.

Ki nuna masa. Duka, kada ki tsallake kwatar, kada ki tsallake wandon. Ki ce ni na ce a nuna masa.

Akwai kuma abin da ban gaya miki ba. Suna so a yi kashi na biyu, saje da kofur a wata sabuwar rigima. Ban ce to ba. Amma ban ce a'a ba, bayan duk abin da kika rubuto mini. Kullum in tashi da niyyar zuwa in ƙi, in kai ƙofar ofishin in wuce. Wannan ma kada ki ɓoye masa. Gara ya san irin ɗan da yake yanke wa hukunci.

Abdulganiyyu

Gadarif, ranar Litinin

Ɗan Kawuna,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Na yi abin da ka ce. Suleiman ya zuba mini fim ɗin a wayar mijina.

Jiya da hantsi na same shi a ƙarƙashin rakuba yana gyaran igiyar gado. Innarka da ta ga waya a hannuna sai ta ɗauki tob ta ce za ta leƙa Gwaggonka. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, Abdulganiyyu ya yi wani aiki, ya ce in nuna maka." Ya yi murna, Ganiyyu. Ya wanke hannu, ya goge tabarau, ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska.

Jinin farko bai dame shi ba, ya ce ya ga abin da ya fi haka a gona. Da Kofur Nasiru ya fara ihu ya ce, "Wannan yaron wa ya taɓa shi?" Da motar ta tsaya saje ya sauko yana jan ƙafa, na kafe Kawu da ido. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, wannan tsoho ya sha wuya. Ina ɗan'uwan naki?" Bai gane kansa ba, bai gane ka ba.

Sai saje ya dafa ƙirji ya faɗi kalmar.

Kawu ya ƙura wa wayar ido. Can ya ce, "Mayar mini baya." Na mayar. Ya kalli saukowar daga mota, ya ce in sake mayarwa. Sannan ya ajiye wayar a cinya ya dube ni.

"Haka nake tafiya?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Haka ne, Kawu."

"Kowa yana gani?"

"Kowa, Kawu."

Ya ce shi tun da ƙafar ta warke yake ƙoƙarin daidaita ta, a zatonsa sai wanda ya ƙura ido ne zai lura. Ya ce, "Ashe ni kaɗai nake ɓoye wa." Sai ya tambaye ni ko wannan ne abin gidan Omar, da na yara, da na gona. Na ce shi ne. Na gaya masa ni na kafa talabijin a nan inda yake zaune, ni na bi gida-gida, kuma ni ma na yi dariya. Ina faɗa ina kuka. Hannunsa ya taso zai dafa ƙirji, ya tsaya a hanya, ya mayar da shi kan gwiwa. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Kunna mu ƙarasa."

Ya kalla har ƙarshe. Kwatar, wandon, minsharin, bai kau da kai ba. Sau ɗaya ya yi murmushi, wurin da kuke rigimar tura mota. Wurin ƙofar sito kuwa ya matso da wayar kusa da fuska, ya daɗe bayan an gama yana kallon sunaye suna wucewa har naka ya fito.

Na gaya masa maganar kashi na biyu yadda ka rubuta, ban rage ba. Ya ce shi bai san wannan sana'ar ba, ba zai sa baki a abin da bai sani ba, abin da ka ɗauka kuma ka riga ka ɗauka. Sai na ce, "Kawu, yana tambaya ko ya zo Sallah."

Ya daɗe yana murza igiyar gadon a hannu. Abin da ya ce zan rubuta maka shi yadda ya fito.

"Tun yana ƙarami, in za mu gona ko masallaci, yana bayana. Ban taɓa waiwayawa na same shi yana kallon wani wuri ba, kullum idonsa a kaina. Mutane suna cewa, Sharu ka yi dace da ɗa mai ladabi, bai taɓa shiga gabanka ba. Ni kuma ina cewa a raina, aiki yake koya."

Sannan ya ce, "Ki rubuta masa ya zo. Gidansa ne, uwarsa tana jira. Amma ranar Idi in za mu fita fili, shi zai shiga gaba, ni in biyo shi."

Na ce, "Haba Kawu, ɗa a gaban uba, a idon jama'a? Me za a ce?"

Ya ce, "A ce abin da za a ce. Ya kalle ni ya isa. Kalas."

Ya koma kan igiyarsa. Yau da azahar ya fita masallaci, na hango shi daga ƙofa yana jan ƙafar nan a tsakiyar layi, bai ƙara sauri ba, bai rage ba.

Innarka ta ce yanzu ka kira. Ka nemi abokin tafiyarka tun bai sami wani ba. Ka zo, Ganiyyu. Ka san nisan da ke tsakanin ƙofar gidanku da filin Idi, duk unguwa za ta fito, kuma bai ce kana iya waiwayowa ba.

'Yar Gwaggonka,
Ummuhani